Amsoshin Tambayoyinku: Mindodin Kakanmu na Yaƙin Bama, na Gaske Ne ko Jabu?

Tambaya: Malam, muna gyaran ɗakin kakanmu, Allah ya jiƙansa, sai muka tarar da wani tsohon gwangwani a ƙasan akwatinsa na ƙarfe. A ciki akwai mindodi biyar. Biyu masu siffar tauraro ne, kalar tagulla, ɗaya an rubuta THE BURMA STAR. Biyu zagayayyu ne farare, duka huɗun ba suna a jikinsu. Ta biyar ta yi baƙi, tana da hoton wani Bature mai gemu, da ɗan ƙarfe a samanta mai rubutun N. NIGERIA 1903, kuma a bakinta akwai lamba da suna, amma ba sunan kakanmu ba ne. Akwai kuma bajon hula mai hoton bishiya, da wani ƙyalle rawaya mai hoton gizo-gizo, da ɗan littafi da gara ta ci gefensa. Wani mai sayen tsofaffin kaya ya gani, ya ce tunda babu suna a jikin huɗun to jabu ne, amma zai taimaka ya saye duka a haɗe. Wani kuma ya ce kada mu sayar, akwai zinariya a ciki. Yaya ake gane na gaske? Daga wani mai karatu, Tudun Jukun, Zariya.

Amsa: Allah ya jiƙan tsoho, ya sa ya huta. Malam, kafin komai, ka ɗauke ɗan littafin nan daga cikin gwangwanin, ka sa shi a ambulan mai tsabta, ka ajiye inda damshi da gara ba sa kaiwa. Zan dawo kansa, domin a cikin kayan nan duka shi ne babba.

Mai sayen kayan nan ko dai bai san abin da yake faɗa ba, ko kuwa ya sani sarai. Irin waɗannan mindodin na Yaƙin Duniya na Biyu da gwamnatin Ingila ta raba, ba a buga sunan kowa a jikinsu ba. Haka aka ba Bature a Landan, haka aka ba ɗan Zazzau. Ƙasashe irin su Indiya da Afirka ta Kudu da Ostireliya ne suka buga wa sojojinsu sunaye. Saboda haka rashin suna a jikin taurarin kakanku shi ne abin da ake tsammani. Da ma ka ce mini an zana sunansa a baya da harufa masu ado, da sai in ce wani ne ya kai wa mai sassaƙa ya yi masa daga baya. Mutumin da ya kira kaya jabu, ya kuma nace sai ya saya duka a haɗe, idonsa na kan ta biyar ɗin ne.

Na biyun ma, mai maganar zinariya, bai faɗi daidai ba. Babu zinariya ko ƙwayar gero a cikinsu. Taurarin garwayen jan ƙarfe ne da tutiya, shi ya ba su wannan launin. Fararen biyu kuwa garwayen jan ƙarfe ne da nikel, ko azurfa ba su kai ba. Maganar zinariya 'yar'uwar jita-jitar nan ce da ake yi a kan tsohon dutsen guga da keken ɗinki, wadda ta sa mutane suka farfasa kayan gado ba su tsinci komai ba.

Bari mu bi su yadda ake jera su a ƙirji. Tauraron farko za ka ga an rubuta THE 1939–1945 STAR, ƙyallen ratayarsa kashi uku ne daidai: shuɗi mai duhu, ja, da shuɗi mai haske, wato sojan ruwa da na ƙasa da na sama. Na biyu shi ne na Bama, wanda aka ba wanda ya yi aiki a wannan fagen daga 11 ga Disamba 1941 zuwa 2 ga Satumba 1945. Ƙyallensa ja ne a tsakiya, gefe da gefe shuɗi mai duhu da ratsin ruwan goro. Kowanne yana da tsini shida, a tsakiya akwai harufan sarki, GRI da VI, da kambi a sama. A cikin fararen, wadda Sarki Joji na Shida yake sanye da kambi, bayanta kuma zaki ya taka wani dodo mai kai biyu, ita ce mindar yaƙi, wadda duk wanda ya yi kwana 28 cikin kaki ya cancanta. Wadda sarkin ba kambi a kansa, bayanta zakoki biyu sun sa kambi a tsakiya, ita ce ta tsaro, mai ƙyalle kore da ruwan goro da siraran ratsin baƙi. Waɗannan huɗu a tare jeri ne da aka saba gani wurin mazan jiyan da suka je Bama.

Masu tara irin waɗannan kaya, abin da suke fara dubawa shi ne ko jerin ya yarda da juna. Misali, ba a ba mutum ɗaya tauraron Bama da na Fasifik gaba ɗaya. Ɗaya ake ba shi, a maƙala masa ɗan ƙarfe a ƙyalle a madadin ɗayan. In ka ga an jera su biyu an ce na mutum ɗaya ne, haɗe-haɗe ne. In kuwa akwai tauraron Afirka, mai ƙyalle kalar rairayi da jan ratsi a tsakiya, tare da na Bama, to wannan ya dace da tsofaffin bataliyoyin Nijeriya, ta 1 da ta 2 da ta 3, waɗanda suka fara yaƙar Italiya a Somaliya da Habasha, suka shiga Mogadishu a Fabrairun 1941, daga baya aka kwashe su zuwa gabas.

Yanzu ga yadda za ka duba ƙarfen da kanka. Minda ta gaske bugawa ake yi da inji mai nauyi, kamar yadda ake buga kwabo da sule, don haka harufanta tsaf suke, gefensu da kaifi, filin da ba rubutu kuma sumul yake. Ta jabu yawanci zubi ce: an danna ta gaske a cikin yashi ko laka, an narka ƙarfe an zuba. Kowane maƙerin fari zai gaya maka zubi ba ya ɓuya. Ka ari gilashin mai gyaran agogo ko mai gyaran waya, ka duba da rana. Za ka ga 'yan ramuka kamar na ƙuraje, harufa sun yi dagwaɓe, kuma a baki akwai ɗan layin da ɓangarorin biyu suka haɗu, ko alamar magagari inda aka goge shi. Zubi kan ɗan tsuke in ya huce, shi ya sa awo yake da amfani: zagayayyun faɗinsu milimita 36 ne. Ka kai musu mayen ƙarfe. Babu ɗaya a cikin biyar ɗin da ya kamata ta kama. Ka kuma duba baya ko baki, domin kamfanonin da ke yin kwafi tsakani da Allah, don wanda tasa ta ɓace, sukan buga kalmar COPY ƙarama, 'yan damfara kuma sukan kankare ta su bar ɗan kwarmi a wurin.

A ganina da wuya naku su zama jabu. Ana yin jabu ne don a sayar wa masu tarawa a Turai, kuma mai yin jabu ba ya bin mutum har Tudun Jukun ya sa masa a ƙasan akwati. Sai dai ka san an buga irin waɗannan da yawan gaske, kuma tunda ba suna, kuɗinsu a kasuwar Ingila bai taka kara ya karya ba. Ƙarfen kaɗai ba zai iya shaida cewa na kakanku ne ba. Abin da ke ɗaure shi da mutum shi ne takarda, kuma nan ne ɗan littafin ya shigo.

In littafin sallama ne, kamar yadda nake zato, za ka samu lambar soja a ciki. Sojojin Nijeriya na wancan yaƙin lambarsu tana farawa da NA, na Gwalkwas kuma da GC. Galibi akwai ranar shiga da ranar sallama, da muƙami, ko farabiti ne ko kofur ko saje, da bataliya, da wuraren da ya yi aiki, da shaidar hali, wani lokaci har da jerin mindodin da ya cancanta. In jerin ya yi daidai da abin da ke cikin gwangwani, magana ta ƙare. Ka ɗauki hoton kowane shafi yau ɗin nan, kada ka manna salatif a inda ya yage, kada kuma ka kai a rufe shi da ledar nan mai zafi da ake yi wa takardun makaranta. Zafin da gam ɗin suna kashe tsohuwar takarda, kuma ba a iya cirewa.

Ƙyallen gizo-gizon shi ma shaida ne mai kyau. Alamar Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ce, wadda aka haɗa a 1943, baƙin gizo a kan rawaya. An ɗauko shi ne daga Ananse na tatsuniyoyin Ashanti, ɗan'uwan Gizo namu wajen wayo, mai kayar da wanda ya fi shi ƙarfi. Ita Runduna ta 82 alamarta masu biyu ne a gicciye a kan gammo. Gammon ba ado ba ne. A dazuzzuka da duwatsun Arakan, inda mota ba ta shiga, dubban sojoji ne suka ɗauki harsashi da abinci da sassan igwa a ka, jirgin sama yana jefo musu kaya daga bisa. Su ma irin mindodin nan aka ba su, kuma sun ci guminsu. Runduna ta 81 ta yi yaƙi a kwarin Kaladan a 1944, sannan rundunonin biyu suka haɗu suka karɓe Myohaung daga hannun Japan a Janairun 1945.

Ka duba lambar bataliyar a littafin da kyau. In ka ga ta 6 ko ta 7 ko ta 12, to kakanku yana cikin Birged ta 3, wadda aka zare daga Runduna ta 81 aka haɗa da mayaƙan Janar Wingate da ake kira Chindit, waɗanda aka sauke da jiragen sama a bayan layin Japanawa a 1944. Sunan da barikin Zariya yake ɗauke da shi ke nan har yau, inda Daffon soja yake, wanda aka kafa tun 1924. Mutane da yawa suna wucewa ta ƙofarsa kullum ba su san sunan daga wani zakin ƙofar wuraren ibada na Bama ya samo asali ba. Haka barikokin Dalet da Kalapanzin a Kaduna, da Letmauk a Ibadan, da Dodan da Arakan da Myohaung a Legas, duk sunayen wuraren da aka gwabza ne a can. Marubuci Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, wanda mahaifinsa ya je wannan yaƙin, a kan waɗannan mayaƙan ya gina littafinsa Burma Boy na 2007.

Gane ƙyalle na asali ya fi gane ƙarfe wuya, domin tun a lokacin yaƙin teloli a Indiya sun ɗinka su iri-iri. Masu tarawa sukan haska shi da fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi. Zaren zamani da aka sa wa sinadarin ƙara fari yakan yi walƙiya, tsohon auduga ko ulu ba ya yi. Amma in an taɓa wanke tsohon da garin sabulu shi ma zai yi walƙiya, saboda haka alama ce kawai. Ka duba ko akwai ragowar zare ko hudojin allura a gefe, alamar an taɓa ɗinka shi a kafaɗar riga.

Bajon hular kuwa bishiyar kwakwar manja ce, tambarin rundunar Afirka ta Yamma da Lugga ya fara haɗawa a 1897. In harufan ƙasansa RWAFF ne, to daga 1928 ne zuwa gaba, shekarar da aka ƙara harafin R na sarauta. A nan kada ka tsananta da maganar zubi, domin bajon hula abin ɓata ne, kuma an zuba da yawa a wuraren da sojoji suka zauna don maye gurbi.

Sai ta biyar, wadda ta fi sauran shekaru da nauyin tarihi. Mai gemun Sarki Edward na Bakwai ne, mindar kuma ita ce ta aikin soja a Afirka da aka ƙirƙiro a 1902. Azurfa ce, shi ya sa ta yi baƙi. Ƙyallenta rawaya ne mai baƙin gefe da siraran ratsin kore biyu, bayanta kuma mace ce a tsaye da zaki. Ɗan ƙarfen da ke samanta shi ke faɗin yaƙin da aka ba da ita dominsa, kuma N. NIGERIA 1903 yana nufin daga 29 ga Janairu zuwa 27 ga Yulin wannan shekara. Ranar farkon ita ce ranar da Kanar Morland ya tashi da runduna daga nan Zariya ya nufi Kano, wadda ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu. Sakkwato ta biyo baya ranar 15 ga Maris. Ranar ƙarshen kuwa ita ce ranar Burmi, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru. Akwai irinta mai 1906, ta Satiru da Haɗeja.

Na san wannan ba labari ne mai daɗin ji ba a gidan Bahaushe. Amma haka abin yake: Turawan da ke cikin waɗannan rundunoni 'yan kaɗan ne, masu riƙe da bindigogin yawancinsu Hausawa ne da Yarabawa da Nufawa da sauransu, tun daga 'yan sandan da Baturen nan Glover ya haɗa a Legas a 1863, waɗanda da yawansu bayi ne da suka gudo. Ni ban ga dalilin jefar da ita ko ɓoye ta ba. Shaida ce ta hannu a kan wanda ya ci ƙasar nan da wanda aka yi amfani da shi wajen cinta, kuma irin wannan shaidar ta yi ƙaranci a hannunmu.

Game da sunan da ka ce ba na kakanku ba ne, ba zai yiwu ya zama nasa ba, shekaru arba'in ne tsakanin yaƙoƙin biyu. Amma kada ka yi saurin cewa baƙo ne. Akawun soja na lokacin yakan rubuta sunan yanka ne ya liƙa masa sunan gari, da irin rubutun da kunnen Bature ya ji: Muhammadu ya koma Momadu, Garba ya koma Garuba, Audu ya koma Awudu, Katsina ta koma Katsena. Wasu kuma da gangan suka ba da sunan da ba nasu ba, don kada ubangida ko dangi su gano su. Soja kuwa sana'a ce da ake gado, ɗan bariki yakan bi sawun ubansa. Ka karanta wa dattawan gidanku sunan da baki, musamman tsofaffin mata, su ne ke riƙe da sunayen kakanni da laƙabinsu. Mai yiwuwa mahaifin kakanku ne ko kawunsa, mai yiwuwa kuma jingina ce da ba a fansa ba.

A nan ne aka fi yin maguɗi, don haka ka duba bakin da kyau. Masu damfara sukan goge sunan asali su rubuta na wani da ya yi suna. In an yi haka bakin yakan sirance a wurin rubutun, kuma in ka auna faɗin ta fuska biyu za ka ga ba daidai ba. Harufan hukuma tsarinsu ɗaya ne da zurfi ɗaya: lamba, muƙami, suna, sannan runduna a taƙaice, irin su N.N. REGT. Ka duba ƙusoshin da suka riƙe ɗan ƙarfen saman, ko akwai alamar an cire an sake dasawa. Hujja ta ƙarshe tana Ingila, a ma'ajiyar takardun gwamnati da ke Kew, inda rajistar waɗanda aka ba wannan minda take cikin jerin WO 100. In lamba da suna da ɗan ƙarfen sun dace da rajista, babu sauran gardama. Na Yaƙin Duniya na Ɗaya, wato na Kamaru da Gabashin Afirka, su ma duk da suna a jikinsu, katunansu suna cikin WO 372, kuma ana iya neman su ta intanet. Lambobin jarunta irin su DCM da MM kullum da suna suke zuwa, ana kuma shelanta su a jaridar gwamnati ta London Gazette, takardun shawarar ba da su na yaƙi na biyu kuma suna cikin WO 373. Irin MM ɗin ce Samanja Chari Maigumeri ya samu, wanda barikin Lakwaja ke ɗauke da sunansa. Duk wanda ya kawo maka irin wannan ba suna, ko da sunan da ba ya cikin rajista, ka riƙe kuɗinka.

Wanda nasa bai dawo ba, hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila tana da rajista a intanet da ake bincikawa kyauta da suna ko lamba. Sunayen 'yan Nijeriya da yawa suna jikin bangon tunawa na maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon. Sai dai hukumar da kanta ta amsa a rahotonta na 2021 cewa dubban 'yan Afirka da suka mutu a yaƙi na ɗaya ba a rubuta sunayensu ba, don haka rashin ganin suna a can bai ƙaryata labarin gida ba. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da kakanninsu suka yi wa Faransa soja, su ma takarda ce madogararsu, domin mindodin Faransa galibi ba suna a jikinsu.

Kada ka goge komai. Ban da toka, ban da lemon tsami, ban da man goge tagulla. Baƙin da azurfar ta yi masu tarawa suna sonsa, gugar kuma tana cinye harufan da kake buƙata. Ƙyalle mai laushi busasshe ya isa. In ka kai wa maƙeri ya duba, ka tsaya a kansa, kada ya kankara ko ya ɗiga ruwan gwaji. Tsohon ƙyallen rataya ko ya koɗe a bar shi. Kada kuma a raba wa magada ɗaya-ɗaya; huɗun nan da bajon da gizon da littafin abu guda ne, in aka watsa su kowanne ya zama ƙarfen banza. Kuma kada wani yaro ya maƙala su ya fita yawo ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, don ba ya rasa jawo wa kansa tambayoyi a shingen soja.

Maganar sayarwa kuwa, kayan gado ne, ba naka kai kaɗai ba, sai da yardar sauran magada. In kun yanke shawarar sayar da ta 1903, ku fara duba sakamakon gwanjon kamfanonin Landan irin su Noonans da Spink, waɗanda suke ajiye bayanan abin da suka sayar a shafukansu, ku nemi mai irin wannan ɗan ƙarfen da aka ba sojan Afirka, ku ga abin da aka biya da shekarar. In za ta fita ƙasar waje, ku tuntuɓi Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta ba ikon sa ido kan fitar da kayan tarihi. Tana da gidan tarihi a Kaduna. A Kadunan ne kuma ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da Gidan Arewa suke, inda za ka iya neman tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da aka fara bugawa a garinku a 1939, wadda ta riƙa kawo labarin yaƙin da Hausa. Ka kuma leƙa ofishin ƙungiyar mazan jiya na Zariya da hoton littafin, ka bar na asalin a gida. In ka samu lambar bataliyar da cikakken rubutun bakin mindar 1903, harafi bayan harafi, ka sake rubuto mana mu duba tare.